Walda Ta Uku

Injiniya ya sake ɗaga ƙafar keken, ya karkata ta, ya tura ta tsakanin hannuwan ƙarfen nan biyu, amma ta ƙi zama. Ya riga ya cire taya da tif, ba abin da ya rage sai gargaren da wayoyinsa, duk da haka bakin gargaren yana dukan sandar ƙasa tun cibiyar ba ta kai mazauninta ba. Abin da ya hana ta shiga bai wuce faɗin yatsu biyu ba.

"Kin gani ko?" ya ce wa 'yarsa, ko kai bai ɗago ba. "Alƙali ma ya ƙi ta."

Alƙali shi ne sunan da ya raɗa wa abin daidaita ƙafar keke da ke kafe a kan teburin shagonsa. Da ƙarfen tsohon gado ya ƙera shi: hannuwa biyu a tsaye masu riƙe cibiyar ƙafa, sanda a ƙasa, sai wasu 'yan yatsun ƙarfe da ake matsowa dab da gargare. In aka juya ƙafa, duk inda ta goce ko da kaurin farce ne, sai yatsan ya taɓa ta ya yi ƙara. Kekunan 'yan dako da na 'yan makaranta ba sa ganin Alƙali, waɗannan kifa su yake yi a ƙasa ya daidaita da ido da guntun alli. Alƙali na 'yarsa Auta ne ita kaɗai, tun tana kan keken yara har zuwa yau da take tseren keke a kan duwatsu. Shi kuwa sunan Injiniya 'yan layi ne suka laƙaba masa, bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, amma bai taɓa musanta sunan ba.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da kayan tserenta, hular kwano a hannu. Yau ne ranar zaɓe. Mata uku da suka fara isowa su ne kulob zai saka cikin tawagarsa ta manya, sauran kuwa sai su jira wata shekara. Jiya wajen gwaji ta daki dutse, ƙafar baya ta ɗan lanƙwashe, shi ne ta ciro ta ta kawo da sassafe.

Matsalar ita ce wannan ƙafar ba ta keken da ubanta ya haɗa mata ba ce. Ta sabon keken da kulob ya ba ta aro ce, mai manyan ƙafafu, inci ashirin da tara. Nata na da, mai inci ashirin da shida, yana rataye a bango yana ƙyalli. Ba wanda ya ce a goge shi, amma an goge shi, har sarƙar an sa wa mai.

"Baba, ka dai duba," ta ce. "Da rana motar kulob za ta tashi."

"Ai na duba. Ga naki can, na ɗaure birki, na ba shi iska. Hawa kawai ya rage."

"Baba..."

"Ki bari in gama. Ke fa ba doguwa ba ce, tsawon uwarki kika ɗauko. Wannan ƙafar nauyi gare ta, kafin ki tayar da ita daga tsaye wata ta yi miki nisa. In kin zo kwana mai tsauri kuwa, sai ka ce mai juya tirela a lungu. Ga kan takalminki yana taɓa tayar gaba in kin karya kai, da idona na gani. Wayoyinta kuma dogaye ne, shi ya sa dutse ɗaya ya lanƙwasa ta. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba."

Injiniya ya yi turus. Ya shirya wa gardama, sai ga shi an ba shi gaskiya tun bai gama zare makamansa ba.

"Amma Baba, in ta tashi ta tashi," Auta ta ci gaba. "Ramin da ƙaramar take faɗawa, wannan ta kansa take bi. Saiwar itace ma haka. A hawa ba ta zamewa, kama ƙasa take yi. Da ƙaramar, kafin in sauko gangaren duwatsun nan hannuwana sun mutu, haƙorana sai haɗuwa suke yi."

"Koci ne ya karanta miki wannan."

"Jikina ne ya gaya min." Ta ɗora hular a kai, ta tsaya tana neman bakin maɗaurin. "Makanikin kulob ya ce in ba shi ya gyara a fili, na ce a'a. Tun da nake ban taɓa hawa ƙafar da ba ta bi ta hannunka ba, ba kuma yau zan fara ba. Zan je in karɓo lambata in dawo. In ka gyara, na gode. In ba ka gyara ba, haka zan mayar da ita in hau."

"A gangaren nan? Da ƙafa a lanƙwashe?"

Ta riga ta fita. Taurin kan nan dai kowa a layin ya san ba wajen uwarta ta ɗauko shi ba.

Injiniya ya zauna a kan benci da gargaren a cinya. Ransa ya ɓaci, kuma a can ƙasan zuciyarsa ya san ba nauyin ƙafar ne ya ɓata shi ba. Duk keken da yarinyar nan ta taɓa hawa, shi ya zaɓa, shi ya auna tsawon ƙafarta da igiya, shi ya ɗaura kowace waya. Wannan karon ba wanda ya tambaye shi. Kawai wata rana ya ga ta shigo layi a kan wani zungureren abu tana murmushi har kunne.

Maman Auta ta leƙo daga shagon ɗinkinta da ke manne da nasa, tef ɗin awo a wuya, kofin shayi a hannu.

"Na ji an ambaci tsawona," ta ce.

"Ba da ke nake ba."

"Da gajeren tsawon nan dai nake ɗauko maka sifana duk lokacin da ta faɗa ƙarƙashin tebur." Ta ajiye masa shayin, ta dubi keken da ke bango, ta dubi mijinta. "Baban Auta, rigar da na ɗinka mata bara ma ta matse ta. Ban yi fushi da kafaɗunta ba."

"Keke ba riga ba ne."

"To Allah Ya ba da haƙuri," ta ce, ta koma kan kekenta na ɗinki.

Bai sha shayin ba. Ya tashi ya kwance Alƙali daga tebur, ya rungume shi ya tsallaka titi zuwa rumfar Mai Walda, abokinsa na shekara da shekaru, mutumin da bai taɓa barin magana ta wuce shi bai tsoma baki ba.

Mai Walda ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi. "A'a, Injiniya, yau kuma Alƙali ne a gaban shari'a?"

"Tsawo zan ƙara masa. Yatsu biyu."

Mai Walda ya karɓa ya juya shi a hannu. A jikin kowane hannun ƙarfen akwai tabon walda guda biyu, ɗaya a kan ɗaya, sun yi baƙi don tsufa. Ya ɗora babban yatsansa a na ƙasa.

"Wannan ni na yi, lokacin da ta bar keken yara. Tana nan zaune a kan wancan galan tana kaɗa ƙafa, tana tambayata ko wutar tana cizo." Ya matsa zuwa na sama. "Wannan kuwa ranar da ta hau na bangon shagonka. Ka tuna? Layin nan kaf ka zagaya kana gaya wa mutane 'yarka ta girma, har mai kifi sai da ka tsayar."

"Waɗancan ni na zaɓa."

"Au, to." Mai Walda ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "In kunna wuta?"

"Kar ka kunna komai. Ni zan yanka, kai ka huda min kawai. Noti zan ɗaura. Gobe in ta dawo hayyacinta sai in kwance in mayar da shi yadda yake."

"Injiniya, walda fa ta fi ƙarfi."

"Na ce noti."

Ya ɗauki zarto ya yanke hannuwan biyu a saman tsohon tabon, yana yi yana tsaki kamar wani ne ya sa shi dole. Aka samo guntayen ƙarfe, aka huda, aka ɗaure da noti huɗu. Alƙali ya fito da wani irin tsawo marar fasali, kamar yaron da aka ƙara wa wando ƙyalle a ƙafa.

A shago, gargaren ya zauna daram. Injiniya ya matso da yatsun ƙarfen, ya juya ƙafar a hankali. Ƙar. Ya juya kuma. Ƙar. Ya sa alli a wurin, ya ɗauko ɗan makullin waya. Daga nan fushin ya fara sauka da kansa, domin hannunsa bai iya aiki da fushi ba. Ya saba kaɗa kowace waya da farce ya saurari muryarta, wadda ta saki tana da murya, wadda ta yi tsauri ma tana da tata. Waɗannan dogayen muryarsu ta fi kauri, sai da ya bi su zagaye guda yana saurare kafin kunnensa ya gane yarensu. Ya sassauta nan, ya ɗaure can, kaɗan-kaɗan, ba gaggawa. Ya cire ƙafar ya dafe ta a ƙasa da tafukansa don wayoyin su zauna, ya mayar, ya sake bi. Ya matso da yatsun har sai da takarda ma ba za ta ratsa ba, ya juya, shiru.

Ya mayar da tif da taya, ya ba ta iska, ya riƙe cibiyar da hannu biyu ya sa Maman Auta ta wulwula masa. Ƙafar ta kama juyawa. Ya jira ta tsaya, ba ta tsaya ba. Hannuwansa suka fara gajiya tana nan tana tafiya abinta, sai ka ce wani ke tura ta.

"Ikon Allah," in ji Maman Auta. "Ba ta gajiya ne?"

"Nauyi ne kawai," ya ce, ya tare ta da gwiwa.

Da Auta ta dawo da lamba a ƙirji, ta tarar da ƙafar a jingine a bakin ƙofa. Ta dubi Alƙali da notinansa, ta dubi ubanta da ya duƙufa yana facin tif ɗin wani kamar ba abin da ya faru.

"Na gode, Baba."

"Ki kula da kwanar nan ta hawa," ya ce wa tif ɗin.

Motar kulob ba ta daɗe da tashi ba ya rufe shago. Ya sauko da ƙaramin keken daga bango.

"Ina kuma za ka kai shi?" Maman Auta ta tambaya.

"Ko da za a buƙata."

Haka ya hau shi ya bi titi, sirdi a ƙasa daidai tsawon Auta, gwiwoyinsa suna fita gefe-gefe, 'yan layi suna ɗaga masa hannu suna dariya.

Filin tseren yana bayan gari, a jikin wani tudu mai duwatsu da itatuwa, an zagaye hanyar da jan ƙyalle. Injiniya bai je wajen tashi ba. Ya tura keken ya hau wani faffaɗan dutse da ke tsakiya, inda ta hagu ake ganin kwanonin hawa, masu tsauri kamar gwiwar hannu, ta dama kuma gangaren duwatsu. Kwanonin ya zuba wa ido, domin a nan ya san gaskiyarsa za ta fito. Kusa da shi akwai wani dattijo mai hular rana, da alama shi ma wata tasa ce a ciki.

Aka busa usur can ƙasa. Jim kaɗan suka ɓullo a jere, masu ƙananan ƙafafu a gaba, sun fizga tun daga tashi. Auta tana can tsakiya tana fama. Ta shigo kwanar farko ta sha da ƙyar. A ta biyu ta karya kai, kan takalminta ya daki tayar gaba, keken ya yi tangal-tangal, ta sa ƙafa a ƙasa. Mutum biyu suka wuce ta.

Komai ya faru yadda ya faɗa, harafi da harafi. Ya jira ya ji daɗin da mutum ke ji in maganarsa ta tabbata, bai ji ba.

"Kai jama'a," in ji mai hular rana. "Wa ya ɗora wa 'yar ƙaramar yarinya wannan ƙaton keke? Ba ta da mai ba ta shawara ne a gida?"

Injiniya ya juyo gaba ɗaya. "Malam, ka san keke kuwa?"

"Ai ga shi muna gani, ya fi ƙarfinta."

"Kwana biyu ka gani ka yanke hukunci? Ita babbar ƙafa in ta tashi ta tashi. Ramin da ƙaramar ke faɗawa, wannan ta kansa take bi. Ka dubi can."

Ya nuna gangaren da hannu. Na gaba sun fara sauka, kekunansu suna tsalle daga dutse zuwa dutse, kowace ta danne birki tana laluben inda za ta sa taya. Sai ga Auta. Ba ta lalubi komai ba. Ta ja jikinta baya, ta sassauta hannu, ta miƙe hanya ɗaya tun daga sama, keken yana haɗiye duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce biyun da suka wuce ta tun ba a kai rabi ba. A ƙasa ta daki wani dutse da ƙafar baya, har nan suka ji ƙarar. Injiniya ya runtse ido. Da ya buɗe, tana can tana tafiya, ƙafar tana juyawa sak.

"Ni na ɗaura wayoyin nan," ya ce da ƙarfi, ba tare da an tambaye shi ba. "Da safen nan. 'Yata ce."

Haka aka yi ta yi zagaye bayan zagaye. Abin da ta samu a gangare sai ta zubar da rabinsa a kwana, ta sake kwasowa a gangare. Injiniya yana juyawa hagu da dama a kan dutsen kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi, muryarsa har ta dushe. Da aka shiga zagayen ƙarshe tana ta huɗu, ta uku kuwa tana gabanta da 'yar tazara, a kan ƙaramin keke mai saurin juyawa.

Suka iso kwanonin. Ya buɗe baki zai yi mata ihu, sai ya rasa abin da zai ce, domin duk abin da ya sani na ƙaramar ƙafa ne. Ita kuwa ta ja birki tun kafin ta iso, ta buɗe can gefen waje har tana shafar jan ƙyallen, ta tsayar da feda a inda takalminta ba zai kai taya ba, ta bar keken ya zagayo da kansa, sannan ta taka. Ta yi haka a ta biyu. Ba ta sa ƙafa a ƙasa ba, tazarar kuma ba ta ƙaru ba. Shi dai bai koya mata wannan ba, a cikin tseren nan ta gano abinta yana kallo.

A gangaren ta wuce ta ukun kamar tana tsaye.

Bai san lokacin da ya sauko daga dutsen ba. Ya isa wajen ƙarewa yana haki, yana jan ƙaramin keken, ya tarar da ita zaune a ƙasa, fuska duk laka, Koci yana dafa mata hula yana cewa ta shiga tawaga. Injiniya ya ratsa mutane. Ya ɗaga bayan babban keken, ya wulwula ƙafar, ya kafa babban yatsansa dab da gargare. Ta yi zagaye, ta sake, ba ta taɓa shi ba.

"Yaya, Baba?" ta tambaya, tana kallonsa daga ƙasa.

"Ba laifi."

"A kwanar nan ka yi gaskiya. Sau nawa ina sa ƙafa."

"A gangaren kuma..." Ya tsaya. Ya miƙa mata hannu ya tashe ta, ya share mata lakar goshi da bakin rigarsa kamar lokacin tana ƙarama. "Na gani," ya ce.

"Ƙafar gaba ma tana son dubawa. Gobe zan kawo."

"Ki kawo."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso layi. Labari ya riga shi zuwa, domin Auta ta kira uwarta, ita kuwa Maman Auta ba ta bar kowa bai ji ba. Ya amsa barka har bakinsa ya gaji, ya mayar da ƙaramin keken bango, ya tsaya ya ɗan dube shi. Sannan ya kwance Alƙali ya tsallaka titi. Mai Walda yana naɗe wayoyinsa zai tashi.

"Kunna wutarka," in ji Injiniya. Ya zauna ya fara kwance notinan ɗaya bayan ɗaya.

Mai Walda ya yi murmushi. Ya jawo ƙarfe ya auna daidai tsawon guntayen da aka cire, zai sa alli.

"Ƙara yatsu biyu a kai."

"Haba Injiniya. Akwai ƙafar da ta fi wannan girma ne?"

"Ni ina na sani?" ya ce. "Sai abin da ta kawo."

Ya kama ƙarfen da filaya ya riƙe masa, ya kawar da fuska gefe, wuta ta fara tartsatsi a saman tsofaffin tabban nan biyu.